Babi na Huɗu: Rumbu Babba, Hatsi Kaɗan

Saura kwana goma sha ɗaya a yi wa Yaya aiki, sai ga kiranta bayan sallar isha'i. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba.

"Ka zo ka duba mini takardar nan. Duk sun bi ta da jan biro."

Na iske ta a kan farar kujerar robar da take salla a kai tun da gwiwoyi suka hana ta sujada a ƙasa, carbi a hannu ɗaya, takardar gwajin jini a ɗayan. Shafi biyu ne, layi ashirin da 'yan kai, an zagaye shida daga ciki. Shekara uku ta yi tana zubin adashi saboda wannan tiyata ta rage ƙiba. Ta riga ta shaida wa masu kawo mata atamfa cewa shago zai yi wata guda a rufe. Ga shi yanzu likita ya aiko ta zo su zauna.

"Ni da ake yi wa gorin ci," ta ce, "wai ni ce jinina bai isa ba? To abincin ina yake zuwa?"

Mun saba ɗaukar mai jiki a matsayin wanda ya ƙoshi ta ko'ina. Amma ana iya samun ƙaton rumbu, an yaɓe shi ya yi sumul, a leƙa ciki a tarar hatsin bai kai rabi ba. Gwajin jinin da ake yi kafin tiyata leƙa rumbun ne, kuma ana yin sa a lokacin da ya fi dacewa, wato kafin a tsuke ƙofar da hatsi ke shiga.

Daga ina jan biron yake fitowa?

A gefen kowane sakamako akwai lambobi biyu, na ƙasa da na sama. Yadda ake samo yawancinsu shi ne a auna jinin mutane da dama masu lafiya, a ware tsakiyar da ta ƙunshi kashi 95 cikin ɗari, a ce nan ne daidai. Ke nan tun daga tushe an yarda cewa mutum ɗaya cikin ashirin, lafiyarsa garau, zai faɗo waje. In aka yi wa mutum gwaji ashirin da ba su da alaƙa da juna, lissafi ya nuna yiwuwar aƙalla ɗaya ya fita daga layi ta kai kusan kashi 64 cikin ɗari. Takardar da ta fito fes babu zane ko ɗaya ita ce abin mamaki.

Sannan akwai kuskuren ɗibar jinin kansa. Jijiyar mai ƙiba takan ɓuya. A ɗaure dantse a daɗe ana lalube, a soka a zare, a sake sokawa, jinin ya riƙa ɗigowa da ƙyar. A irin haka jajayen ƙwayoyin jini kan farfashe, su zubo da sinadarin fotashiyam da ke cikinsu, sai sakamako ya nuna ya hau alhali a jikin mutum lafiya lau yake. Haka ma kwalbar da ta daɗe a ajiye kafin a auna ta. Wanda kuma ya je gwaji da azumi a bakinsa cikin zafin Afrilu, ma'aunin ƙodarsa na iya ɗagawa saboda ƙarancin ruwa kawai. Maganin irin waɗannan a sake ɗiba.

Cikin shidan da aka zagaye wa Yaya, ɗaya ma likita bai ɓata lokaci a kansa ba: ƙarancin wani nau'i na fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙi da cuta. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyin jininsu, gadon da ke ba su kariya daga wani jinsin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Masu wannan gado adadin waɗannan fararen ƙwayoyi a jininsu kan zauna ƙasa da na Turawa, ba tare da sun fi kowa kamuwa da cuta ba. Awon da aka yanka a jikin wani ne aka gwada a jikinta.

Saura biyar. Waɗannan kam gaskiya suka faɗa.

Abin da wuƙa za ta canza

Sai an fahimci aikin kafin a gane dalilin tsantseni. Iri biyu aka fi yi a duniya yau. A na farko ana yanke kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi a fitar, a bar shi siriri kamar hannun riga. A na biyu ana keɓe 'yar jaka a saman tumbi, da ƙyar ta kai girman ƙwai, a jona ta kai tsaye da ƙaramin hanji, abinci ya riƙa tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Likitan da ya fara wannan na biyun, Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka, a shekarun 1960, ya samo dabarar ne daga lura da masu gyambon ciki da aka yanke wa wani sashe na tumbi: sukan rame, kuma ba sa mayar da jiki. Sai dai likitoci sun daɗe da sanin ɗaya abin da ke bin irin waɗannan majinyata, wato ƙarancin jini.

Dalilin a fili yake. Farkon ƙaramin hanji, wanda aiki na biyu ke tsallakewa, nan ne babbar mashigar sinadarin ƙarfe da kalshiyam. Ruwan tsamin da tumbi ke fitarwa shi ke narkar da ƙarfen abinci ya zama wanda hanji zai iya tsotsa, kuma duka ayyukan biyu suna rage shi. Ga shi a makonnin farko ruwa-ruwa kaɗai mutum ke sha, cokali-cokali. Watannin da ke biye wa tiyata bazara ce ga jiki: abin da aka tara shi za a ci. Wanda ya shiga da giɓi, giɓin faɗi zai ƙara.

Ƙarfe, shayi da ƙanƙara

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙarancin jini a ƙasa da giram 12 na himogulobin a kowace desilita ga mace baliga marar ciki, 13 ga namiji. A asibitocinmu an fi jin a ce "PCV ya yi ƙasa", kuma maganar ɗaya ce. Na Yaya 10.4 ne. Feritin ɗinta kuwa, ma'aunin ƙarfen da jiki ya adana, 9 ne, a inda likitoci da yawa ke ɗaukar ƙasa da 30 a matsayin rashi.

Ranar da muka je, likitan ya ajiye takardar gefe ya dube ta.

"Hajiya, kina cin ƙanƙara?"

Ta juyo ta kalle ni kamar ni na kai ƙararta. Kowa a gidan ya san Yaya da ledar fiya wata daskararriya, tana fasa ta da haƙori tana gurguɗa, har cikin hunturu. Mun ɗauka zafin jiki ne irin na masu ƙiba. Ashe sha'awar taunar ƙanƙara, kamar ta cin farar ƙasa da ake gani wajen wasu masu juna biyu, sananniyar alama ce ta ƙarancin ƙarfe.

Hanya uku ƙarfen nata ke bi yana zurarewa. Ta farko jinin al'ada mai yawa, wanda ta shekara tana haƙuri da shi. Ta biyu ƙwayar diclofenac da take saye a kemis saboda gwiwa, wadda kan kankare bangon tumbi har ya riƙa tsatstsafar da jini a ɓoye. Ta uku shayi mai kauri bayan kowane cin abinci, domin ganyen shayi na ɗauke da sinadarin da ke ƙulle ƙarfen wake da ganye ya hana hanji tsotsarsa.

Ita kanta ƙiba tana da hannu. Kitse mai yawa yana sa jiki cikin wani ɗan kumburi na ɓoye da ba ya lafawa. Hanta kuma, in ta ji alamar kumburi, takan ƙara fitar da wani sinadari mai suna hefsidin, wanda masana suka gano a farkon shekarun 2000. Aikinsa rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini. Sai mutum ya ci tsire ya ci hanta, ƙofa a kulle. Wannan kumburin kan ɗaga feritin ma, ya sa rumbu ya yi kamar da kaya a ciki. Shi ya sa likita mai lura kan haɗa shi da gwajin kumburi na CRP kafin ya yarda da lambar.

Gyaran bai da wuya, lokaci yake ci. Ƙwayar ƙarfe kan ɗaga jini cikin 'yan makonni, amma cika ma'ajiya kan ɗauki kamar wata uku, ga taurin bayan gida da baƙin kashi da ke sa mutane da yawa su watsar. In lokaci ya ƙure ko ƙwaya ta ƙi karɓuwa, ana ba da ƙarfen ta jijiya kamar ƙarin ruwa. Abu ɗaya ne ba a yi wa gaggawa: namiji, ko macen da ta daina al'ada, in aka same su da ƙarancin ƙarfe, dole a nemo inda jinin ke zuba, ko da ta kai ga zura na'urar leƙa ciki. Nan ne kuma ake neman ƙwayar cutar H. pylori mai haddasa gyambon ciki, a kashe ta kafin a taɓa tumbi.

Layin da ba a zagaye ba

Likitan ya ɗauki nasa biron ya ja layi a ƙarƙashin wani sakamako da ɗakin gwaji ya bari a matsayin daidai: bitamin B12. Yana cikin iyaka, amma a bakin gaɓa. Yaya ta shekara shida tana shan metformin saboda ciwon suga, kuma an san wannan magani yana rage tsotsar B12 in an daɗe a kansa. Haka ma magungunan rage tsamin ciki irin su omeprazole.

B12 ba ya shiga jini sai da ɗan rakiya, wani sinadari da bangon tumbi ke yi. Wanda ya tabbatar da haka likita ne a Boston, William Castle, a 1929, ta hanyar da sai mai ƙarfin zuciya. Yakan ci niƙaƙƙen naman sa, ya bar shi ya ɗan zauna a cikinsa, ya dawo da shi, a zura wa masu wani mugun ƙarancin jini ta bututu. Jininsu ya farfaɗo. Naman kaɗai, ba tare da ruwan tumbin lafiyayye ba, bai yi musu komai ba. To wannan bangon da ke samar da ɗan rakiya shi za a yanke ko a tsallake.

Hanta kan adana B12 na shekaru, saboda haka matsalar takan yi lamɓo. Sai mutum ya rame ya yi kyau, an manta da zancen tiyata, sannan tafin ƙafa ya fara jin kamar ana tsira masa allura, tafiya ta fara tangaɗi, mantuwa ta yi yawa. In aka yi sakaci lahanin jijiya na iya zama na dindindin, alhali allura ko ƙwaya mai araha ta isa ta hana shi.

Bitamin D kuwa shi ya fi ba Yaya haushi. "Duk ranar garin nan?" Fata ce ke haɗa shi in rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi buƙatar daɗewa a rana kafin ta haɗa daidai da fara. Mai wuni a cikin shago, daga gida sai mota, ranar da ke dukan kwanon rufi ba ta amfane shi ba. Ƙari a kan haka, bitamin D a kitse yake narkewa, sai kitsen jiki ya riƙe shi ya hana shi yawo a jini. In ya yi ƙasa, jiki kan koma ɗibar kalshiyam daga ƙashi. Ƙasa da 20 a ma'aunin da aka fi amfani da shi rashi ne, kuma cike shi ba ya hana a ci gaba da shirin aiki.

Suga mai riƙon amana

Mutane da yawa kan kame baki kwana uku kafin gwajin suga don lamba ta yi kyau. Gwajin HbA1c ba ya cin wannan wayo. Suga kan manne wa jajayen ƙwayoyin jini, su kuma sukan rayu kusan kwana 120, don haka gwajin labarin wata biyu zuwa uku yake bayarwa. Daga 6.5 zuwa sama ciwon suga ne, ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2011. A Birtaniya ƙa'idar ita ce a yi ƙoƙarin saukar da shi ƙasa da 8.5 kafin tiyatar da ba ta gaggawa ba. Na Yaya 9.1 ne.

Abin tsoron shi ne ɗinki. An yanka tumbi an ɗinke da ɗaruruwan ƙananan ƙusoshi, kuma ana so naman ya kama da wuri. Suga mai yawa yana jinkirta warkewar rauni, yana kuma raunana ƙwayoyin da ke kashe cuta. Yoyon ɗinki na cikin matsalolin da likitocin wannan fanni suka fi gudu.

A ƙasarmu akwai ƙarin lura. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne, wato masu ɗauke da gadon sikila. Wasu na'urorin auna HbA1c kan rikice da irin wannan jini, kuma a mai sikila ƙwayoyin ba sa daɗewa balle su riƙe labarin wata uku, sai lambar ta fito ƙasa da gaskiya. Ƙarancin ƙarfe kuma kan ɗan ɗaga ta. Don haka a gaya wa likita nau'in jinin, AS ne ko sikila, tun farko, kuma likitan sa barci ma yana buƙatar saninsa.

Hanta a bakin ƙofa

Duk matar da ta taɓa gyara kazar gidan gona mai kitse ta san irin hantar nan: fara-fara mai ɗorawa-ɗorawa, kana taɓa ta tana dagargajewa. Hantar mutum ma takan tara kitse haka, kuma shi ne dalilin da ya fi yawa na ɗan hawan ma'aunin hanta na ALT a masu ƙiba, irin wanda aka zagaye wa Yaya. Ɓangaren hagu na hanta a kan saman tumbi yake kwance, sai likita ya ɗaga shi kafin ya ga wurin aiki. In ta kumbura ta yi nauyi, takan tare hanya, tana iya tsagewa ta yi jini. Shi ya sa ake ɗora majinyaci kan abinci na musamman na mako biyu zuwa huɗu, a yanke tuwo, shinkafa, burodi da kayan zaƙi, hanta ta saki abin da ta tara ta motse.

Amma kada a ɗora wa kitse laifin kowa. Binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su sani ba. Akwai kuma shayin rage teɓa da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, waɗanda mai neman rama ya fi kowa sha. In hawan ma'aunin hanta ya haɗu da ƙarancin ƙwayoyin da ke daskarar da jini, to ana zargin hanta ta fara ƙandarewa, kuma wannan na iya sauya shirin gaba ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: duk abin da ake sha, na kemis da na gargajiya da na mata, a zuba a leda a kai wa likita ya gani da idonsa.

Akwai sakamakon da ke tsayar da aiki nan take. Juna biyu na kan gaba, kuma bayan tiyatar ma ana so a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Sai ƙoda da ta yi rauni sosai, da jinin da ba ya daskarewa yadda ya kamata, da cutar maƙoƙo mai tsanani da ba a yi wa magani ba. Ɗan hawan ma'aunin maƙoƙo na TSH kaɗan kuwa ya zama ruwan dare a masu ƙiba, kuma sau da yawa yakan sauka da kansa in nauyi ya ragu.

Masu niyyar fita waje, Indiya ko Masar ko Turkiyya, su yi gwaje-gwajen nan a gida wata biyu ko uku kafin sayen tikiti. Wanda ya ga jan biro a ɗakin otal, biza na ƙarewa, kuɗin masauki na tafiya, zuciyarsa za ta raya masa ya ce a yi kawai. Asibitin da bai nemi ganin jininka ba kafin ya ba ka rana, ka yi masa kallon tsanaki.

Mako goma

"Likita, fasawa aka yi ke nan?" Muryar Yaya ta ɗan karye.

"A'a, Hajiya. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba. Ki ba ni mako goma."

Ya rubuta mata ƙarfe ta jijiya, allurar B12, bitamin D, ya ƙara mata maganin suga, ya tura ta wajen likitar mata. Ya ce diclofenac ta yi sallama da shi, domin bayan aiki ma ba nata ba ne. Shayi kuma ta ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu daga abinci.

A mota ba ta ce mini uffan ba har muka kai gida. Washegari ta buɗe shago, tana ta amsa tambayar "Hajiya, ba ki tafi ba?" Wannan ya fi allurar yi mata ciwo. Sai dai kafin mako uku ta kira ni da wani labari. Ta buɗe firji ta ɗauko ledar ƙanƙara bisa sabo, ta kai baki, ta ji ba ta so. Ta kuma lura tana hawa matakalar shago ba ta tsayawa a tsakiya. Shekaru tana ɗora wa ƙiba wannan haki, ashe wani kaso nasa na jini ne.

Aka sake gwaji, himogulobin ya haura 12, suga ya sauko ƙasa da 8. Aka yi aiki, ta kwana uku ta dawo gida.

Yau shekara biyu ke nan. Tana shan bitamin ɗinta kullum, kuma za ta sha har iyakar rai, domin ƙofar da aka tsuke ba za ta koma yadda take ba. Gwajin da aka riƙa yi mata a kai a kai a shekarar farko ya koma sau ɗaya a shekara. Takardun suna cikin wata jakar leda mai zif, a jere bisa kwanan wata. A na bara an sake zagaye feritin da jan biro. Ba ta kira ni ba. Ta sa gilashinta ta karanta, ta ɗauki mayafi ta tafi asibiti, sai daga baya na ji a bakin 'yarta.

Farar kujerar robar kuwa tana ƙofar shago, masu ciniki ke zama a kai.